Zauren Iyali: Yini Guda a Kan Keke a Tsakanin Gonaki

  

A wannan fitowa ina so mu tattauna a kan wani abu da mai karatu zai iya ɗauka ƙarami ne, wato magidanci ya ware yini ɗaya, ya hau keke da 'ya'yansa, su zaga gonakin da ke kewaye da garinsu, ba don ciniki ba, ba don biko ko jinya ba, sai don su gani da idonsu. Dalilin kawo wannan magana shi ne, a zangunanmu na Salaga da Yendi da Bawku yanzu akwai yaro ɗan shekara goma sha biyu wanda ya ci sakwara sau ba adadi, amma bai taɓa ganin yadda doya ke kwance cikin ƙasa ba. Ya san sunayen 'yan ƙwallon Turai ɗaya bayan ɗaya, amma in ka tsayar da shi gaban dawa da gero kafin su fid da kai, ba zai bambance su ba. Alhali kuwa daga ƙofar masallacin unguwarsu zuwa gonar farko bai kai tafiyar rabin sa'a ba. Yaron da ya tashi a haka zai riƙa raina abinci, ya raina wanda ya noma shi, kuma godiyarsa ga Allah a kan ƙwarya za ta zama ta fatar baki kawai.

Kakanninmu da suka kafa waɗannan zanguna ba su san ƙasar nan daga cikin ɗaki ba. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, suna tasowa daga Kano da Katsina da jakuna, madugu yana jagorantar ayari, su ƙetare kogin Kwara, su biyo ta Nikki da Jugu da Sansannen Mango, su sauka Yendi, sa'an nan su ƙarasa Salaga, kasuwar ƙasar da Hausawa ke kira Gwanja. Tafiya ce ta watanni, kuma duk rafi da tudu da kukar da ke kan hanya sun san ta da suna. Bayan da Ingila ta ci Asante da yaƙi a 1874, goron da ke zuwa Salaga ya ja baya, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa garin, har malamai irin su Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Krachi a 1934, suka yi ƙaura. Waɗanda suka rage da waɗanda suka komo su ne suka haife mu. Ba daidai ba ne jikokin mutanen da suka taka ƙasa daga Kano zuwa Gwanja su kasa sanin abin da ke bayan garinsu.

Me ya sa keke? Domin ƙafa tana gajiya kafin a yi nisa, babur kuwa yana wucewa da mutum kafin ido ya kama abin da ya gani, ga ƙara da ke hana jin sallama, ga kuɗin mai. Keke yana tsakani. Mai tuƙi a hankali yana cin kilomita goma a sa'a ba tare da ya jigata ba, yana iya amsa gaisuwa bai sauka ba, yana iya bin 'yar siririyar hanyar gona inda mota ba ta shiga. Mutanen arewacin Gana ba baƙin keke ba ne. Tsofaffin Phoenix da Raleigh sun ɗauki buhunan masara da masu naƙuda da ɗaliban makaranta shekara da shekaru, a Tamale har an keɓe masa hanyarsa a gefen manyan tituna, mata da 'yan mata kuma suna hawansa ba wanda ke ɗaga ido. Yau a gidaje da yawa yana jingine a bayan ɗaki, taya a sace, sarƙa ta yi tsatsa, maigida kuma yana fama da hawan jini da ciwon sukari, likita yana ta ce masa ya riƙa motsa jiki.

Bari in ba da labarin yadda irin wannan yini yake kasancewa a wajenmu a Salaga, domin gani ya kori ji. A farkon kakar nan na fita da yarana biyu da ɗan maƙwabcina. Tun da dare aka duba birki, aka buga wa tayoyi iska, aka ɗiga mai a sarƙa, aka ɗaure famfo da faci da sholisho a kariya, uwargida kuma ta cika mana gorunan ruwa ta ƙunsa ƙosai da fura. Bayan sallar asuba, da gari ya ɗan waye, muka karanta addu'ar hawa, wadda asalinta ke cikin Suratuz Zukhruf, muka kama hanya.

Tsayawarmu ta farko ba ta yi nisa ba. Salaga gari ne na rijiyoyi, kuma wasunsu suna ɗauke da tarihin da ba shi da daɗin ji. Akwai wurin da har yau ake kira Wankan Bayi, inda ake wanke mutanen da aka kamo kafin a kai su kasuwa, akwai kuma Rafin Angulu, inda ake yar da gawar waɗanda suka mutu a cikinsu. Sunayen nan biyu da Hausa suke, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa masu jin harshenmu suna cikin wancan ciniki. Na tsayar da yaran na gaya musu haka ba tare da kwana-kwana ba, domin wasu daga cikin manoman da za mu gaisa da su a hanya, daga cikin kakanninsu aka kamo waɗancan bayin Allah. Wanda ya san wannan zai shiga gonar mutane da sunkuyar da kai.

Daga nan muka wuce ta Kpembe, mazaunin Kpembewura, wadda ke dab da Salaga, muka bar babbar hanya muka shiga ta jar ƙasa. Da hantsi raɓa ba ta gama bushewa ba, dawa ta sunkuyo da kai ta yi jajir, a fadama kuma mata suna sussukar shinkafa. Amma sarkin amfanin wannan yanki shi ne doya. Gana tana cikin ƙasashe uku da suka fi noman doya a duniya, tare da Nijeriya da Kodebuwa, kuma kaso mai yawa na abin da ake saukewa a kasuwannin Kumasi da Akra daga wannan sashe yake fitowa, daga hannun manoma Konkomba da Gwanjawa da Nanumba da maƙwabtansu.

Mun iske wani dattijo da samarinsa uku suna tayar da tsibin ƙasa na doyar baɗi. Muka jingine kekuna a bakin hanya, muka yi sallama daga nesa, muka ce, "Sannunku da aiki, Baba." Ya amsa da Hausar kasuwa, ya yafito mu. Na roƙe shi ya nuna wa yaran aikin, shi kuwa ya yi murna da roƙon. Ya bayyana musu cewa ana tayar da tsibin ne tun ƙasa na da sauran laima, domin in hunturu ya busar da ita, fartanya ba ta shiga. In an dasa iri, sai a ɗora wa kowane tsibi hula ta ciyawa ko ganye, a danne da ɓurɓushin ƙasa, don kada zafin bazara ya dafa irin kafin ya tsiro. In ya tsiro, a kafa masa sanda ya hau. Wajen tsakiyar damina a yanki doyar fari a hankali a bar kan a cikin ƙasa, shi kuma ya sake yin 'ya'ya waɗanda za su zama irin wata shekara. Ya miƙa wa babban ɗana fartanya ya ce ya gwada. Yaron bai gama tsibi ɗaya ba ya miƙe yana riƙe da ƙugu, samarin suna ta dariya. Dattijon ya ce masa, "Ɗana, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana yin fiye da ɗari kafin rana ta take." Sa'an nan ya tono mana doya biyu irin laribako daga tsohuwar gona, aka gasa a garwashi, aka ci da barkono da gishiri. Mu kuma muka ajiye musu fura da goro. Tun daga ranar ban sake ganin yaron nan ya bar saura a kwano ba.

Azahar ta same mu a gindin wata ɗorawa kusa da rafi. A nan akwai karatun fiƙihu na aikace da yara ba su mantawa. Tafiyar kilomita ashirin ko talatin ba ta kai a yi ƙasaru ba, domin a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80. Ruwan rafi, ko da ƙasar da yake gudana a kanta ta sauya masa launi, yana tsarkakewa. Inda babu ruwa, ko wanda ke hannu na sha ne kawai, sai a yi taimama. Alƙibla kuma a wannan yanki tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa. Bayan salla muka kishingiɗa har rana ta yi sanyi, ina tuna musu cewa Suratul An'am ta umarce mu da duban 'ya'yan itace lokacin da suke fitowa da lokacin da suke nuna, Suratul Waƙi'a kuma ta tambayi mai shuka ko shi ne ke tsirar da abin da ya shuka. Ayoyin nan sun sha karanta su a allo. Amma jin su a tsakiyar gona, da zangarniyar dawa a gaban ido, wani abu ne dabam.

Ba duk abin da muka gani ne mai faranta rai ba, kuma wannan ma yana cikin amfanin fitar. A hanyar komowa mun wuce buhunan gawayi jere a bakin hanya suna jiran mota, a bayansu kuma kututturan itatuwa, har da na kaɗanya. Kaɗanya takan shekara goma sha biyar zuwa ashirin kafin ta fara 'ya'ya, kuma da ita mata da yawa a ƙauyuka suke biyan kuɗin makaranta da na magani, amma gatari yana kayar da ita cikin sa'a guda. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa a ƙasar Gwanja ana kai wa Sin, ta yi wuyar gani duk da haramcin da gwamnati ta sha sanyawa. Mun ga robobin maganin ciyawa a yashe a bakin rafin da mutane ke sha, mun kuma hangi hayaƙin gobarar daji ta farko, abin da ke tuna wa manya wutar daji da yunwar 1983. Mu mutanen gari mu ne masu sayen gawayin nan. In ba mu ga kututturen da idonmu ba, ba za mu taɓa haɗa shi da murhun gidanmu ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da mu cewa wanda ya dasa itace, duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga gare shi sadaka ce a gare shi. To, mene ne matsayin wanda ke kallon ana sarewa bai dasa ko ɗaya ba?

Masu karatu na Yendi, ku ma kuna da naku rabo. Hanyoyin da ke fita daga garin suna ratsa gonakin masara da waken suya da shinkafa, kaɗanya da ɗorawa kuma a warwatse cikinsu, domin manomin Dagbon ba ya sare su in yana sharar gona. A al'adar ƙasar 'ya'yan ɗorawa suna da haƙƙin sarauta a kansu, saboda haka a gargaɗi yara kada su kai hannu. Wanda ya fita da asuba a farkon damina zai gamu da mata da ƙwarya suna tsintar 'ya'yan kaɗanya cikin ciyawa, inda maciji ke sararsu ba sau ɗaya ba, don a samu man da muke soya ƙosai da shi, wanda kuma kamfanonin Turai ke sawa cikin cakulan da man shafawa. Kafin a fita gari ana iya tsayawa a kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa, wanda ya ƙare rayuwarsa a Yendi. Mai ƙarfin gwiwa kuma ya ƙarasa Adibo, inda Dagwamba suka kara da sojojin Jamus a 1896. Ga wani abin da zai burge ɗalibai: layin Girinwic, wanda masana suka raba duniya gabas da yamma da shi, yana ratsawa ta Yendi, har yaro yana iya ƙetare shi da keke bai sani ba. In kun gamu da manomi da safe ku ce masa "Dasiba," ku ji yadda zai amsa "Naa" da fara'a. Kalma ɗaya ta harshen mutum tana buɗe ƙofar da kuɗi ba su buɗewa.

A Bawku ƙasar ta fi buɗewa, gidajen Kusasawa a warwatse, kowane gida da gonarsa a kewaye da shi, ana shuka gero mai saurin nuna don ya tare yunwar tsakiyar damina, sa'an nan maiwa da dawa su biyo baya. A can ne yaro zai ga gawo, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, shi ya sa hatsi ke kyau a ƙarƙashinsa. Da rani kuma bakin kogin Farin Volta, wajen Bazua da Binduri, yakan cika da lambunan jar albasar nan da aka san Bawku da ita, ana ban ruwa da guga da injin. Manoman wurin suna zaune ne tsakanin alheri da fargaba, domin a watannin Agusta da Satumba in aka saki ruwan madatsar Bagre da ke Burkina Faso, kogin yakan tumbatsa ya shafe gonaki. Hanyar Pusiga tana kai mutum wurin tunawa da Naa Gbewaa, kakan sarakunan Mamprusi da Dagbon da Nanumba, ta Kulungugu kuma tana kai shi inda aka jefa wa Kwame Nkrumah bom ranar 1 ga Agusta 1962. 'Yan'uwanmu masu karanta shafukan Faransanci na wannan mujalla a Sinkase da Dapawong da Bitu, ƙasa ɗaya ce da tasu, iyaka ce kawai ta ratsa.

Sai dai ba zan ambaci Bawku in yi shiru a kan abin da kowa ya sani ba. Rikicin sarautar da ya daɗe, wanda ya sake tashi a ƙarshen 2021, ya ci rayuka, ya jawo dokar hana fita, har akwai lokutan da aka hana maza hawa babur a garin. Uban da ke can kada ya fita da yaro sai ya tabbatar hanya lafiya take, ya kuma bi umarnin hukuma. Wannan yana nuna mana cewa yawon keke cikin gonaki, duk da ƙanƙantarsa, ma'auni ne na zaman lafiya. Mutanen Salaga sun tuna 1994, lokacin da hanyar gona ta zama abin tsoro. Mutanen Yendi sun tuna shekarun da suka biyo bayan Maris na 2002, har zuwa naɗin Ya-Na Abukari na Biyu a Janairun 2019. Wanda ya ga waɗannan kwanaki ya san gaskiyar masu cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Kuma zaman lafiya ba a ɗakin taro kaɗai ake ƙulla shi ba. Yaron zango da ya ci gasasshiyar doya a gonar Bakonkombe, ko ya sha ruwa a gidan Bakusashe, ko ya gaisa da Bafulatani a mashayar shanu, zai yi wuya wani ya zo daga baya ya ce masa mutanen nan dodanni ne. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa, keke kuwa ƙari ne ga ƙafa.

Ga wanda ya yi niyya, ga 'yan shawarwari. A zaɓi lokacin kaka ko farkon hunturu, a guji tsakiyar bazara sa'ad da zafi ke kayar da babba balle yaro. A fita da sassafe, a huta daga azahar zuwa la'asar, a komo gida kafin magariba. A sanar da mutanen gida hanyar da za a bi. A auna nisa da ƙarfin ƙaramin cikin tawaga, domin sannu ba ta hana zuwa. A kan babbar hanya a jeru ɗaya bayan ɗaya, babba a baya, a yi hattara da manyan motoci da baburan kaya masu ƙafa uku. Kada a bar 'ya'ya mata a gida. Su sa sutura mai rufe jiki wadda ba za ta shiga sarƙa ba, su fita tare da mahaifinsu ko yayyensu, domin su ne iyayen gobe da za su riƙe rumbu da tukunya.

Ladubban gona kuma su ne jigon abin. Ba a shiga gonar mutum sai da sallama da izini. Ba a karya rake, ba a cire gyaɗa ko mangwaro da sunan ɗanɗano, domin dukiyar wani ba ta halatta sai da yardarsa, Musulmi ne shi ko ba Musulmi ba. Ba a taka kunya da taya. Ba a ɗaukar hoton mutane da waya sai sun amince. In an ga kurmi ko dutse ko itacen da mutanen wurin ke girmamawa bisa al'adarsu, a wuce ba tare da izgili ba. In an ga ƙaya ko reshe a kan hanya a kawar, wannan ma sadaka ce. A tafi da ɗan abin hannu, goro ko sabulu ko sukari, kada a zama masu karɓa kullum. In kuma za a sayi wani abu a bakin gona, kada a matse manomi a ciniki don ganin ba shi da motar kai kaya kasuwa.

A ƙarshe ina kira ga malaman makarantun Islamiyya da shugabannin matasa a zangunanmu da su sa irin wannan fita cikin tsarinsu, ko sau ɗaya a shekara. Babin zakkar hatsi, da nisabinsa na wusuƙi biyar, da ushirin abin da ruwan sama ya shayar, da rabin ushirin abin da aka sha wahalar ban ruwa, zai fi zama a kan ɗalibi in an karanta shi a gaban masussuka da bakin lambu. Iyaye kuma su fito da kekunan da ke bayan ɗaki, su kai wa mai gyara. 

Allah Ya sa albarka a gonakinmu da zuriyarmu, Ya saka wa manoma da alheri, Ya zaunar da Bawku da sauran garuruwanmu lafiya, Ya sa mu cikin bayinsa masu godiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.